Daga Tashar Nguru Zuwa Kurkukun Gashuwa: Wa Za Mu Tambaya?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Shirinmu na musamman a yau ya yada zango a arewacin jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa.

Duk wanda ya taɓa kai rago kara, ko ya sauke kwandon bandar kifi a kasuwa, ya san 'yar takardar nan da mai karɓar haraji ke yagowa ya miƙa masa. Sau da yawa a ƙasa take ƙarewa. Alhali rasit ɗin nan shaidar bashi ce: kai ka biya naka, saura hukuma ta biya nata. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. To askin nan, a hannun wa yake?

(Ƙarar motoci a tasha)

Mu fara da hanya. Wajen shekarar 1930 layin dogo daga Kano ya iso Nguru, nan ya tsaya. Gyaɗa, fatu da ƙiraga, ƙaro da shanu, duk ta nan suke bi zuwa kudu, kuma da wannan Nguru ta bunƙasa. Yau jirgi ya zama baƙo, nauyin ya koma kan tireloli, tireloli kuma kan kwalta. Hanyar Nguru zuwa Gashuwa zuwa Bayamari ta gwamnatin tarayya ce, an ba da kwangilarta kashi-kashi, ta kuma daɗe tana fitowa a kasafin kuɗi. Direban da ke binta yana da haƙƙin sanin nawa aka ware, nawa aka saki, kuma yaushe ne wa'adin kowane kashi. Idan aka ce masa "kuɗi bai sauko ba", yana da haƙƙin jin inda kuɗin ya maƙale.

(Kiɗa kaɗan)

Sai Gashuwa, fadar Mai Bade, a bakin kogin Yobe. Mutanen kudu da yawa ta dalilin kurkuku suka fara jin sunanta, domin nan gwamnatin soja ta Janar Babangida ta tsare lauyan nan Gani Fawehinmi a 1989. Shi yana da suna, jaridu suka yi ta bin kadinsa. Waɗanda ke bayan irin wannan katanga a yau, mafi yawansu ba wanda ya san sunansu sai iyayensu mata. A faɗin Najeriya, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

A 2019 aka yi dokar da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali. Dokar ta tanadi karatu da koyon sana'a ga ɗaurarru. Ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima. Ta kuma wajabta wa shugaban hukumar gidajen gyaran hali a jiha ya sanar da Babban Alƙali idan gida ya cika ya tumbatsa. To kekunan ɗinki nawa ne ke aiki a gidajenmu na gyaran hali? Matasa nawa suka fito da sana'a a hannu? Yaron da ya shiga kan satar akuya, idan ya fito hannu rabbana, unguwarmu zai dawo, kuma mu ne za mu kwana da shi.

Da can, amsar a shirye take: "Ai abin tarayya ne." Amma a watan Maris na 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali da ta jiragen ƙasa. Ke nan tashar Nguru da kurkukun Gashuwa, duka biyun, yanzu magana ce da za a iya kaiwa Damaturu, ba Abuja kaɗai ba.

(Kiɗa kaɗan)

Idan an yi aiki, a faɗa. Gwamnatin Mai Mala Buni ta gina kasuwannin zamani a Nguru da Gashuwa, ta kuma gina rukunin gidaje a sassan jihar. Sai dai gini rabin aiki ne, rabo shi ne sauran rabin. Wa ya samu gida, bisa wane sharaɗi? Magidancin da ambaliyar 2022 ta narkar masa da ɗakunan ƙasa, yana cikin lissafi? Haka ma shirye-shiryen koyar da sana'a: a gaya mana, bayan shekara guda, mutum nawa ne ke kan sana'ar. Ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, malamanta da ɗalibanta za su iya bin diddigin wannan, gida-gida.

Mu koma kan rasit. A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya riƙa zuwa musu kai tsaye. Dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 kuma sun ɗauke harajin kuɗin shiga daga naira 800,000 ta farko a shekara. Saboda haka mai tebur a kasuwa ya cancanci ganin jerin kuɗaɗen da doka ta yarda a karɓa, a manne a ƙofar kasuwa, tare da lissafin abin da aka tara da inda ya tafi.

Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani. Ƙungiyar direbobi, 'yan kasuwa, masunta, matan unguwa, kowa na iya rubutawa. Kansila maƙwabcinku ne, ɗan majalisa da ƙuri'arku ya tafi. Ku je da ladabi, ku je a ƙungiyance, ku nemi amsa a rubuce.

Gobe idan an yago maka rasit a kasuwa, malam, kada ka yar. Ninke shi ka adana, domin da shi za ka bi bashinka.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)