Usman Baba Pategi

Usman Baba Pategi (20 ga Mayu, 1942 – 12 ga Nuwamba, 2023), wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne, ma'aikacin gidan rediyo kuma ɗan wasan kwaikwayo na Hausa. Yana cikin 'yan wasan da suka yi tashe a rediyo da talabijin na Arewacin Najeriya tun kafin a fara finafinan bidiyo na Kannywood a 1990.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Pategi da ke jihar Kwara ta yanzu, a gidan sarautar garin. Mahaifinsa shi ne Etsu Usman Patako. Banufe ne, amma da Hausa ya yi suna. Ya yi firamare a Pategi, ya wuce makarantar midil ta Ilori, daga nan ya koma Kaduna wurin wani ɗan'uwansa. Ya fara aiki a ma'aikatar ayyuka, sannan ya shiga gidan rediyon Arewa, wanda daga baya ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna.

Aikin soja

Ya bar aikin rediyo ya shiga soja a shekarun 1960, ya kuma yi yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Ya yi ritaya a 1985. A bariki ne ya ga yadda samanja yake tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji: na sama su ba shi oda, shi kuma ya sauke ta a kan na ƙasa. Wannan matsayi ya ɗauko ya gina wasansa a kai.

Wasan Samanja

Shirin Samanja ya fara ne a rediyo a shekarun 1970, daga baya ya koma gidan talabijin na NTA Kaduna. Pategi yana fitowa cikin kaki, da tsawa da cika baki, sai kuma rikicin gida ko shirmen yaransa ya kwance masa zani a kasuwa. An yi yawancin shirin ne a zamanin mulkin soja, lokacin da farar hula ke kauce wa mai kaki a hanya. Wasan ya buɗe wa jama'a ƙofar bariki, suka ga soja yana fama da albashi da iyali kamar kowa, su ma sojojin suka samu damar yi wa kansu dariya.

Harshen Samanja

Kalmar "samanja" ararriya ce daga Ingilishi, asalinta sajan-manjo, kamar yadda aka aro kofur, saje, kyaftin, manjo da kanar. Samanja yana magana ne da Barikanci, wato Hausar da sojoji masu harsuna daban-daban suka riƙa fahimtar juna da ita tun zamanin Turawa. A wannan Hausa ba a cika bambanta namiji da mace ba, ana iya cewa "mata ya zo", kuma ɓ, ɗ da ƙ sukan koma b, d da k. Yana kuma gauraya ta da Turancin buroka da kalmomin fareti. Wannan ya sa har waɗanda ba su iya Hausa sosai ba suke bin shirin, masu nazarin harshe kuma suna samun misalan Barikanci a cikinsa.

Rasuwa

Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, bayan doguwar jinya. Ana ambatonsa tare da takwarorinsa irin su Kasimu Yero, Kasagi, Karkuzu da Golobo, waɗanda sunan wasa ya danne sunan yanka na yawancinsu.