ƘARFIN HANNU DAGA KUGU YAKE

Uwargida, kin taɓa kallon dambe? In ɗan dambe zai kai naushi, ba hannun da aka naɗe da zare ne kaɗai ke aiki ba. Sai ya kafa ƙafa, ya tamke ciki, ya murɗa kugu, sa'an nan hannu ya tafi. Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta cinya, ya ratsa ciki da gadon baya, ya fita ta kafaɗa. In tsakiyar jiki ta yi sako-sako, sai ƙarfin ya zube a hanya, komai kaurin damtse. Haka ɗan kokawa, da kugu yake ɗaga abokin karawarsa.

To, ke ma haka ne. Daka, jan guga, ɗaukar tulu, goyo, duk da naman ciki da na baya kike yin su, ba da hannu kaɗai ba.

Akwai tsoka biyu dogaye da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, gefe da gefe. In ciki ya tsufa sai su miƙe, su buɗe a tsakiya don su ba jariri wuri. Yawanci sukan koma kafin mako 8 da haihuwa. Kafin su koma, baya ne ke ɗaukar aikin da ciki ya bari. Shi ya sa mai jego za ta ɗaga bokiti ta ji hannunta ba ƙwari, kugu kuwa kamar zai tsinke.

Ɗaure ciki da zane yana sa a ji daɗi, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi. Aiki ne ke ƙara mata.

GA ABIN DA ZA KI YI

Ki kwanta rigingine a kan tabarma, ki tanƙwashe gwiwoyi. Ki fitar da numfashi a hankali, kina jawo mara ciki kamar cibiya za ta taɓa baya. Ki riƙe, ki ƙirga 10, kada ki danne numfashi. Ki saki. Ki yi haka sau 10, safe da yamma.

In za ki ɗauki yaro ko kaya, kada ki sunkuya. Ki durƙusa, ki jawo shi jikinki, ki tamke ciki, ki miƙe da ƙafafu. Daka da jan ruwa a rijiya kuwa, a bar wa 'yan'uwa sai an yi arba'in. Maigida ma ya ji wannan.

Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri, kada ta fara sai likita ya yarda.

In mako 8 ya wuce har yanzu yatsu biyu suna shiga tsakanin tsokar a saman cibiya, ko fitsari na zubo miki in kin yi tari, ko kina jin wani abu na saukowa ta ƙasa, ki faɗa wa malamar asibiti ranar da kika kawo yaro awo. Kada ki ji kunya, akwai abin da za a yi miki.