Intanet ɗaya, ɗakuna da yawa: Yadda ake gano matsala idan sabis ya ɗauke a gida

A unguwannin Hausawa na New Bell da ke gunduma ta biyu ta birnin Duwala, da ma unguwanni irin su Kotto a gunduma ta biyar, ya zama ruwan dare a ga gida guda yana amfani da layin intanet ɗaya. Mai gida ko wani daga cikin 'yan haya zai sayi akwatin intanet, wanda aka fi kira modem, sauran kuma su riƙa haɗa kuɗin wata. Daga wannan akwati ne kwamfutar ɗalibi da ta ɗan kasuwa da wayoyin iyali duk suke samun sabis.

Tsarin yana rage tsada, amma ranar da ya tsaya yakan zo da gunaguni. Wannan ya ce wani ya cinye data da kallon fim, wancan ya ce an canza lambar sirri ba a gaya masa ba. Ɗan kasuwar Marché Congo da ke jiran hoton kaya daga Kano ya rasa ciniki, mai kiran iyaye a Garwa ko Marwa ya haƙura. Wasu kan biya mai gyara, wasu ma su sayi sabon akwati, alhali na da lafiyarsa ƙalau.

Intanet na gida kamar sarƙa yake mai gaɓa huɗu: kwamfutar kanta, hanyar da ta haɗa ta da akwati, akwatin, sai kamfanin da ke ba da sabis. Duk wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yawanci yakan gano inda ta tsinke ba tare da ya kashe ko sefa ɗaya ba.

Tambayar farko: kowa ne, ko mutum ɗaya?

Kafin a taɓa komai, a tambayi sauran masu amfani da layin. Idan kowa ya rasa, matsalar tana kan akwati ko wajen kamfani. Idan kwamfuta ɗaya ce ta ƙi alhali sauran suna aiki, to akwati da kamfani ba su da laifi.

A lura da abu ɗaya wajen gwaji da waya: sai an kashe datar layin wayar tukuna. In ba haka ba, wayar za ta koma kan datarta a ɓoye, mai ita ya ɗauka waifai ɗin gida ne ke aiki.

Haka kuma ganin alamar waifai ta cika ba ya nufin akwai intanet. Alamar tana nuna ƙarfin haɗin da ke tsakanin kwamfuta da akwati ne kawai. Famfo na iya zama lafiya, amma babu ruwa a bututu.

Idan kowa ya rasa

A fara da wuta. Bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, akwati kan maƙale. A zare shi daga soket, a jira kamar daƙiƙa 30, a mayar, sannan a ba shi minti biyu zuwa uku ya kama. Idan yana mutuwa yana tashi da kansa, sau da yawa cajarsa ce ta gaji. Sabuwar caja dole ta yi daidai da adadin bolt da aka rubuta a jikinsa, wanda galibi 12 ne.

Daga nan a dubi fitilu. A akwatin da ke aiki da zaren gilashi, wato fiba, jar fitila a kan alamar LOS na nufin hasken da ke zuwa daga kamfani ya yanke. Ko dai zaren ya tsinke a waje, ko an lanƙwasa shi a cikin ɗaki. Wannan aikin ma'aikatan kamfani ne. A akwatin da ke aiki da katin SIM na MTN ko Orange ko Camtel, a duba ragowar data da ranar ƙarewarta, sannan a gwada matsar da shi kusa da taga, domin rufin kwano da bangon bulo suna rage ƙarfin sabis.

Akwai ƙaramin rami a bayan akwati da aka rubuta masa Reset. Wannan ba maɓallin kashewa da kunnawa ba ne. Soka masa tsinke yana goge sunan waifai da lambar sirri da saitin kamfani gaba ɗaya, kuma a wasu layukan sai ma'aikaci ya zo kafin sabis ya dawo.

Lokacin da laifin ba na gida ba ne

Intanet ɗin Kamaru yana shigowa ne ta wayoyin ƙarƙashin teku. SAT-3 tana sauka a Duwala, WACS a Limbe. A Kribi akwai wadda ta haɗa ƙasar da Legas, da kuma SAIL da aka kammala a 2018, mai tsawon kilomita kusan 6,000 zuwa Fortaleza a Brazil. Daga gaɓar teku, sabis yana bin zaren fiba na Camtel zuwa sauran biranen ƙasar, kuma aikin hanya ko na magudanar ruwa kan tsinke shi.

Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu, wato WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, sun lalace a teku daura da Kodebuwa. Ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Kamaru da Najeriya da Ghana, sun shiga matsala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana babu abin da taɓa akwati zai gyara. Alamarta ita ce maƙwabta ma suna kuka, kuma datar waya ma tana tafiyar hawainiya.

Idan kwamfuta ɗaya ce ta ƙi

Kowace na'ura a gida tana buƙatar lamba tata, wadda ake kira adireshin IP, kuma akwati ne ke raba waɗannan lambobi. Domin ganin ta a Windows, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, sannan a rubuta ipconfig a baƙin allon da zai buɗe. Da yake yawancin kwamfutocin Duwala da Faransanci suke, layuka biyu za a nema: "Adresse IPv4" da "Passerelle par défaut". Na biyun shi ne adireshin akwati.

Idan lambar ta fara da 192.168, kwamfuta ta karɓi adireshi. Idan ta fara da 169.254, ta nema ba ta samu ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta wanda ba ya kai ta ko'ina. A nan sai a duba kebul, a canza masa rami a bayan akwati, ko a sa kwamfutar ta manta waifai ɗin a sake shigar da lambar sirri. Danshin Duwala, musamman a tsakiyar damina, yana sa bakin kebul tsatsa.

Kwamfutocin gwanjo da waɗanda aka taɓa amfani da su a ofis ko kafe sukan zo da tsohon adireshi da aka rubuta musu da hannu. Maganinsa shi ne a shiga saitin katin sadarwa a zaɓi "Obtenir une adresse IP automatiquement".

Idan adireshi daidai ne amma shafuka ba sa buɗewa, akwai gwaji uku a jere. Na farko, a rubuta ping tare da adireshin akwati. Ganin "Réponse de" da adireshin akwatin a bayansa na nufin hanyar cikin gida lafiya take. Na biyu, ping 8.8.8.8, wanda ke nuna ko ana iya fita waje. Na uku, ping google.com. Idan na biyu ya amsa na uku ya ƙi, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Ana iya gwada ipconfig /flushdns, ko a sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS.

A duba agogo ma. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirinta na ciki ya mutu takan koma wata shekara ta baya, shafuka kuma su ƙi buɗewa saboda kwanan wata bai yi daidai da takardar tsaronsu ba.

Akwati biyu a gida ɗaya

A gidajen haya masu ɗakuna da yawa, akan ja kebul zuwa bayan gida a ƙara akwati na biyu. Nan ne matsala mai ruɗarwa take fitowa: yau aiki, gobe babu, wannan waya ta kama, waccan ta ƙi. Dalili shi ne akwatunan biyu duk suna raba adireshi, ko kuma suna amsa lamba ɗaya, misali 192.168.1.1. An san abin da ke faruwa idan limami biyu suka ja salla ɗaya.

Gyaran shi ne a bar na farko ya riƙa rabon. A shiga saitin na biyu ta adireshin da ke rubuce a ƙarƙashinsa, a kashe DHCP, a ba shi lamba dabam kamar 192.168.1.2, sannan a sa kebul ɗin a ramin LAN maimakon WAN. Tsawon kebul ɗin kada ya wuce mita 100, kuma wanda zai bi ta waje ya zama mai jure rana da ruwa.

Idan kwamfuta ce ke raba wa sauran

Wasu gidaje ba su da akwati. Kwamfuta ɗaya ce ke karɓar sabis ta ƙaramin modem na USB ko ta waya, ta raba wa sauran. A wannan tsari Windows yana ba ta adireshin 192.168.137.1, sauran kuma dole lambobinsu su fara da 192.168.137. Idan ba haka ba, a shiga shafin "Partage" a cire alamar rabawa, a sake sa ta. Da zarar kwamfutar ta yi barci ko an rufe murfinta, kowa ya rasa. Rabawa ta "Point d'accès sans fil mobile" kuma ba ta ɗaukar fiye da na'urori takwas.

Jinkiri da saurin ƙarewar data

Yawancin rigimar maƙwabta a nan take, kuma sau da yawa mai laifin ba mutum ba ne. Windows yana sauke sababbin gyare-gyarensa a ɓoye, wayoyi kuma suna tura hotuna zuwa ma'ajiyar Google da zarar sun kama waifai. Kunna "Connexion limitée" a kowace kwamfuta yana rage wannan.

A shafin saitin akwati akwai jerin duk na'urorin da ke haɗe. Idan gida na da na'urori goma amma jerin ya nuna ashirin, lambar sirri ta fita. Wayoyin yanzu suna raba ta da hoton QR cikin daƙiƙa, ko da mai wayar bai san lambar ba. A canza ta, a kashe WPS, a kuma canza kalmar shiga saitin akwatin, wadda sau da yawa admin ce tun daga kamfani.

A unguwa mai cunkoso kamar New Bell, akwatunan maƙwabta suna danne juna a zangon 2.4 GHz. Sauya tasha zuwa 1 ko 6 ko 11 yana taimakawa. Zangon 5 GHz ya fi sauri da ƙarancin cunkoso, sai dai ba ya ratsa bango sosai, don haka ya fi dacewa da ɗakunan kusa.

Kafin a kira mai gyara

Gidan da ke haɗa kuɗi zai huta idan aka yi magana tun farko: wa ke riƙe da kalmar shiga saiti, na'ura nawa kowane ɗaki zai haɗa, kuma wace rana ake biya. Ajiye rasit da lambar kwantiragi kusa da akwati yana sauƙaƙa kiran kamfani.

Idan an kira, a faɗi abin da aka gani: launin fitila, lokacin da abin ya fara, da sakamakon gwaje-gwajen nan uku. A nemi lambar ƙorafi a rubuta ta. Idan kamfani bai magance matsalar ba, mai layi na iya kai kuka ga ART, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa a Kamaru, kuma wannan lambar da ranakun da aka yi babu sabis su ne hujjarsa.