Kiriyatin ga dattawa masu motsa jiki: garin da ba ya aiki sai an ɗauki nauyi

Farin garin nan da ake rubuta créatine a jikin gwangwaninsa ya daɗe da zama sananne ga samari masu ɗaga ƙarfe. Yanzu kuma tallarsa ta juya wajen iyayensu. A Facebook da WhatsApp ana yayata cewa yana maido wa dattijo ƙarfinsa, yana gyara ƙashi, yana kaifafa tunani, kuma ba abin mamaki ba ne ɗa ya aiko wa mahaifinsa da gwangwani daga Kwatano ko Legas ko Faransa. Daga cikin alkawuran nan guda ɗaya ne bincike ya tabbatar sosai, shi ma da sharaɗi: kiriyatin yana ƙara wa mai shekaru ƙarfin tsoka idan yana aikin ɗaukar nauyi a kai a kai. Wanda ya sha ya koma ya zauna a rumfa, kuɗinsa kawai ya kashe.

Tun daga wajen shekara 30 tsokar mutum take fara raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan 60. A 1989 wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan zaizayewa suna sarkofeniya. Mu a gida mun san ta ba tare da suna ba. Ita ce take sa dattijo ya dafa bango kafin ya tashi daga sujada, daga baya ya koma salla a kan kujera. Ita ce take sa hawa babur ɗin zem ya zama aiki, kuma tuntuɓe kaɗan a ƙofar banɗaki ya zama karayar ƙugu. Mai niyyar aikin hajji ya tuna cewa sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa, ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa.

Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin tsofaffi na Turai suka amince da shi. Mutum ya zauna a kujera, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar da iyakar saurinsa. Idan abin ya ɗauke shi fiye da daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafafunsa ya fara yin ƙasa.

Matsalar ta fi kama wasu fiye da wasu. Manomin da har yanzu yake tayar da kunyar doya a ƙauyukan Donga yana ba tsokarsa aiki ko bai sani ba. Amma yawancin dattawanmu na Zongon Paraku da na Jugu ƴan kasuwa ne. Kakanninsu fatake sun taka ƙasa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, suna yada zango a Jugu, wasu da kaya a ka. Jikokin kuwa daga gida sai babur, daga babur sai benci a kasuwar Arzèkè, yaro ne yake sauke buhu, yaro ne yake ɗauko buta. Girmamawa ce, ba wanda zai ce a daina, sai dai tsokar da aka hutar da ita shekara ashirin ba ta jiran mai ita.

Mene ne kiriyatin ɗin?

Ba sabon abu ba ne, kuma ba baƙo ba ne a jiki. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel-Eugène Chevreul, ne ya gano shi cikin nama a 1832, ya ba shi suna daga kalmar Girkanci mai nufin nama. Hanta da ƙoda suna haɗa kusan giram 1 a kowace rana, sauran kuma daga nama da kifi ake samunsa. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 120, kuma kashi 95 cikin ɗari nasa yana cikin tsoka.

Aikinsa na ɗan lokaci ne. Duk sa'ad da tsoka ta yi yunƙuri mai ƙarfi, kamar ɗaga jarka ko miƙewa daga tabarma, makamashin da ke hannunta yana ƙarewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Kiriyatin da aka ajiye a tsokar shi ne yake sake cika shi nan take, na kimanin daƙiƙa goma, kafin sauran hanyoyin jiki su karɓi aikin. Idan ajiyar ta ƙaru, mai atisaye yakan iya ƙara ɗagawa sau ɗaya ko biyu kafin ya gaji. Wannan ɗan ƙarin, idan ya taru mako bayan mako, shi ne yake zama ƙarfi. Shi ya sa amfaninsa ga mai tattaki da safe ko mai gudun dogon zango kaɗan ne. Tattaki yana da kyau ga zuciya da sukari, amma ba irin aikin da kiriyatin yake taimakawa ba ne.

A 1992 ne Roger Harris da Eric Hultman da abokiyar aikinsu suka nuna a Suwidin cewa shan garin yana ƙara ajiyar da ke cikin tsoka. Bincike a kan masu shekaru ya biyo baya, yawancinsa a Kanada da Amurka da Brazil. A 2017 Philip Chilibeck na Jami'ar Saskatchewan da abokansa suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 22 da suka shafi mutum 721, masu matsakaicin shekaru 57 zuwa 70, dukansu suna atisayen ɗaukar nauyi. Waɗanda suka sha kiriyatin sun fi sauran ƙarin nauyin jiki marar kitse da kusan kilo 1.4, kuma sun ɗan fi su ƙarfin ƙirji da ƙafa. Wani ɓangare na wannan nauyi ruwa ne da tsoka take riƙewa. Abin lura shi ne waɗanda aka ba garin bogi su ma sun ƙara ƙarfi sosai, domin atisayen ne ya yi babban aikin.

A shekarar dai Tarayyar Turai ta ba masu sayarwa izinin rubuta cewa giram 3 a rana yana ƙarfafa tasirin atisaye ga waɗanda suka haura 55. Ta gindaya sharaɗi: atisayen ya kasance aƙalla sau uku a mako, na makonni da dama, da nauyin da ya kai kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak. Masu talla ba sa karanto wannan sashe.

Sauran alkawuran ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Gwajin shekara biyu da aka yi wa mata 237 da suka daina al'ada a Kanada, wanda aka wallafa a 2023, bai nuna ƙarin kaurin ƙashi ba. A 2024 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce hujjar da aka kawo mata game da kaifin tunani ba ta isa ba. Kuma tunda a kasuwanninmu duk abin da aka kira “na ƙarfi” akan kai shi wani wuri, a faɗa a fili: kiriyatin ba maganin ƙarfin maza ba ne, ba shi da alaƙa da wannan.

Nauyin da ake nufi ba sai an je gidan ɗaga ƙarfe ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 5 ko 10 ma'auni ce da ba ta ƙarya, kuma ana iya ƙara mata ruwa kaɗan kaɗan duk mako. Tashi da zama daga kujera rungume da jarka, tura bango da hannu biyu, hawa da sauka a dakali, ɗaukar bokiti biyu a zagaya tsakar gida: waɗannan sun taɓa manyan tsokoki duka. Ma'aunin shi ne nauyin da mutum zai ɗaga sau 8 zuwa 12 ya ji na ƙarshen ya yi masa wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya yi irin wannan aƙalla kwana biyu a mako. Mata ma haka, kuma a cikin gida za su iya. Uwargidan da surukai suka karɓe mata daka da ɗiban ruwa tana cikin waɗanda suka fi bukata.

Harafi biyu da ke rikita mutane

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar awon jini a asibitin CHUD na Paraku ko wani ɗakin gwaji ya ga kalmar créatinine. Da créatine da créatinine harafi biyu ne ya raba su, kuma dangi ne. Kiriyatinin shi ne dattin da ke fita idan kiriyatin ya gama aiki a tsoka, ƙoda ce take tace shi zuwa fitsari. Likita yana auna shi ne don ya san ko ƙoda tana tacewa yadda ya kamata: idan ya taru a jini, alama ce ta rauni. To mai shan garin yana iya ganin adadinsa ya ɗan hau alhali ƙodarsa lafiya lau, don kawai dattin ya ƙaru. Daga nan ne yawancin tsoron ya samo asali. A Faransa ma hukumar lafiyar abinci ta taɓa yin gargaɗi a kansa a 2001, amma binciken da ya biyo baya bai nuna yana cutar da mai lafiyayyar ƙoda ba idan ya tsaya a ƙa'ida. A São Paulo an ba masu ciwon sukari giram 5 kullum na mako 12, aka auna ƙodarsu ta hanyar da ba ta dogara da kiriyatinin ba, ba a ga ta ragu ba.

Sai dai “mai lafiyayyar ƙoda” magana ce mai nauyi a wurinmu. Binciken ƙasa na 2015 ya nuna kusan baligi ɗaya cikin huɗu a Benin yana da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Hawan jini da sukari su ne manyan masu cinye ƙoda, a hankali, ba tare da ciwo ba. Ga kuma al'adar haɗiyar diklofenak da ibuprofen kullum saboda ciwon gwiwa, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. A ganina dattijon da bai auna jininsa da sukarinsa da kiriyatinin ɗinsa ba, bai kamata ya buɗe gwangwanin ba. A yi awon kafin a fara, domin a sami adadin da za a kwatanta da shi daga baya. Wanda aka riga aka ce ƙodarsa ta taɓu ya bar shi, sai in likitansa ne ya ce. Wanda kuma yake sha ya faɗa wa likita kafin kowane awo, kada a tayar masa da hankali ko a canza masa magani a banza. Mai hawan jini ya kula kada ya riƙe numfashi yayin ɗagawa.

Yadda ake sha ba shi da wahala. Giram 3 zuwa 5 a rana, a ruwa ko koko ko fura, kowane lokaci, har ranar da ba a yi atisaye ba. Samari sukan fara da giram 20 a rana na mako guda don su cika ajiyar da wuri. Dattijo ba ya bukatar wannan: giram 3 yana kai shi wuri ɗaya cikin kamar mako huɗu, ba tare da kumburin ciki ko gudawa ba. A dama a sha nan take, domin idan ya daɗe a ruwa, musamman mai tsami ko a zafi, yakan rikiɗe ya zama dattin nan. A watan azumi ana iya sha da buɗe-baki ko sahur, a kuma sha ruwa isasshe.

Game da halacci, garin da ake sayarwa ba daga nama ake tatso shi ba. A masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai biyu, sarkosin da sayanamid. Inda ake bukatar lura shi ne na ƙwanso, domin ɓawon yana iya zama na jelatin, wanda akan yi da fatar alade. Garin zalla ya kawar da wannan shakka, kuma ya fi araha.

Saura batun inda za a saya. Benin ta san illar jabun magani: a Kwatano aka yi kiran yaƙi da shi a 2009, a 2017 kuma jami'an tsaro suka kwashe tarin magunguna daga Adjégounlè a kasuwar Dantokpa. Kayan gina jiki sun fi magani saukin kurɗawa, tunda ba a sa musu ido kamarsa. Wani ɗakin bincike a Kolon ta Jamus ya taɓa auna irin waɗannan kaya 634 daga ƙasashe 13, ya sami kusan kashi 15 cikin ɗari ɗauke da sinadaran ƙara tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Don haka a nemi wanda aka rubuta créatine monohydrate kaɗai, a rufe da hatiminsa, da lambar kamfani da ranar lalacewa, in daga Najeriya ya fito da lambar NAFDAC. A guji wanda aka ƙulla a leda ana aunawa da cokali, da wanda aka haɗa da abubuwa goma aka sa masa hoton ƙato. Farmasi mai rajista ya fi teburin bakin hanya ko da ya fi tsada.

Gwangwani mai giram 300 yana kai wa kwana 100 idan ana shan giram 3. Nama ba zai maye gurbinsa kai tsaye ba, domin kilo guda na ɗanyen naman sa giram 4 zuwa 5 kawai yake ɗauke da shi, dahuwa kuma tana rage shi. Amma tsoka da abinci mai gina jiki ake gina ta, kuma kiriyatin ba ya cikin wannan lissafi. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato giram 70 zuwa 84 ga mai kilo 70. Sakwara da miya kaɗai ba za su kai shi can ba. Idan kuɗin ɗaya za su isa, wake da ƙwai da busasshen kifi da cukun wagashi na Fulani su ne a gaba, garin ya jira wata mai zuwa.