Ga iyayen da yaransu ke neman abin karantawa



Tun da aka fara maganar cike JAMB ake tambayata me yaro zai karanta. Amsata ita ce a duba ɓangaren lafiyar yara. Imam Ghazali a Ihya ya lissafa ilimin likitanci cikin farilla kifaya, kuma a wannan fannin ba mu kai ga sauke nauyin ba.

Ku ɗauki sikila, wato amosanin jini. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. Iyaye kan kawo min irin waɗannan yaran, kuma ba na ɓoye musu cewa saiwa ba ta canza jinin da aka haifi yaro da shi. Amma ku ji abin da bincike ya yi. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace na ƙasar Yarbawa. Aka gwada, aka tsayar da ma'auni, aka fitar da Niprisan mai rage yawan tashin ciwon. Uku daga cikin kayan nan suna rumfata yanzu haka. Abin da ba ni da shi shi ne ɗakin gwaji. Don Allah kada wani ya ce malam ya ba da haɗi ya je ya dafa wa yaro, ba haka nake nufi ba.

A asibitin Malam Aminu Kano kuma an yi bincike da jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Ana ɗora na'ura a gefen kan yaro a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda aka ga yana cikin haɗari sai a ɗora shi kan maganin hydroxyurea tun kafin abin ya faru. Aikin namu ne suka yi shi, har da nas-nas da aka koya wa awon.

To ba dole sai yaro ya zama likita ba. Likitanci shekara 6 ne, sannan a ƙara wasu shekarun kafin a ƙware kan yara. Digirin jinya shekara 5, na gwajin jini da fitsari shi ma 5. Akwai harhaɗa magunguna, akwai ilimin abinci mai gina jiki, wanda tamowa ta sa ake neman masu shi ruwa a jallo. Wanda ƙarfinsa bai kai jami'a ba, makarantar tsafta tana yaye ma'aikacin lafiya a shekara 3.

Na fi matsawa kan 'ya'ya mata. Uwa takan gaya wa mace abin da ba za ta iya gaya wa namiji ba.

Amma fa shirin tun daga SS1 yake. Yaro ya shiga ajin kimiyya, ya riƙe Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, Lissafi da Turanci, don sai da kiredit a biyar ɗin nan jami'a ke ɗauka. Wanda ɗansa ke JSS3 ya je ya ga malaman makarantar kafin a raba azuzuwa.