Tsarabar Kambodiya: Ku Tambayi Hannun Da Ya Yi Ta

Matafiyi ba ya komowa gida hannu banza. Tun bai sauke kaya ba yara sun kewaye shi suna jiran tsaraba. A wannan wata za mu kai ku kasuwannin Kambodiya, wata ƙasa a kudu maso gabashin Asiya, tsakanin Tailan da Laos da Biyetnam. Yawancin mutanenta Khmer ne. Baƙi suna zuwa daga ko'ina domin su ga tsoffin gine-ginen Angkor kusa da garin Siem Reap, daga nan kuwa sai kasuwa.

Kafin mu shiga kasuwar, ya kamata mu san abin da ya sami masu sana'ar ƙasar. Daga 1975 zuwa 1979 'yan Khmer Rouge, a ƙarƙashin Pol Pot, sun riƙe mulki. Suka kori mutane daga birane zuwa gonaki, suka rufe kasuwanni, suka hana amfani da kuɗi. Mutane wajen miliyan 2 suka mutu ta wurin yunwa da cuta da kisa. Masaƙa da maƙera da masassaƙa da yawa suna cikinsu, gwanintarsu kuwa ta bi su kabari. Aka bar itatuwan da tsutsar siliki take ci suka lalace. Da ƙura ta lafa, tsofaffi kaɗan ne suka rage masu tuna yadda ake aikin.

Daga wurin waɗannan tsofaffi aka sake farawa. A 1992 aka buɗe makarantar koya wa matasan ƙauye sana'a a Siem Reap, wadda daga cikinta Artisans Angkor ta fito. A 1996 wani Bajapane gwanin rini, Kikuo Morimoto, ya kafa cibiyar farfaɗo da saƙar gargajiya, bayan ya bi ƙauyuka yana neman tsofaffin mata masu saƙa. Saboda haka kayan hannu na gaske da baƙo zai gani a yau, abu ne da aka ƙwato daga bakin mutuwa.

To, me ake saye? Na fari shi ne krama, wani gyalen auduga mai gida-gida, yawanci ja da fari ko shuɗi da fari. Da shi manomi yake naɗa rawani, uwa take goyo, matafiyi yake share gumi ko ya ƙulle guzuri. Ba shi da tsada, ba shi da nauyi. Na biyu shi ne zanen siliki da suke kira hol. Mu mun saba a ɗaure yadi a tsoma cikin marina. Su kuwa zaren suke ɗaurewa su rina shi launi bayan launi tun kafin a ɗora a masaƙa, sai adon ya fito sa'ad da ake saƙa. Zane ɗaya yakan ci makonni. Lardin Takeo ya yi suna a kansa, haka kuma tsibirin Koh Dach a kogin Mekong, kusa da Phnom Penh babban birni.

Akwai kuma battocin azurfa masu siffar giwa ko tsuntsu, waɗanda a dā ake zuba wani ɗan itace da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Akwai tukwanen Kampong Chhnang, garin da sunansa ma yake nufin mashigin tukwane. Uwargida za ta yi murna da masoron Kampot, da mazarƙwailar Kampong Speu wadda ake dafawa daga ruwan wani itace ɗan'uwan giginyarmu. Har ma akwai masu narkar da kwanson harsashin yaƙi su ƙera 'yan kunne da awarwaro.

Amma ga inda gizo yake saƙa. A Psar Chaa, watau tsohuwar kasuwar Siem Reap, da babbar kasuwar Phnom Penh wadda aka gama gina ta a 1937, ba dukan abin da aka rataye ne aikin Khmer ba. Kaya da yawa na inji ne daga ƙasashen maƙwabta. Idan gyale ya yi araha fiye da kima, aka kuma ce siliki ne, sai a yi hattara. A roƙi mai kaya ya zare zare ɗaya a ƙona. Na siliki yakan yi ƙaurin gashi ya zama toka. Na roba yakan narke ya dunƙule. Saƙar hannu kuma ba ta rasa ɗan kauri nan da can. Mafi kyau duka, a je inda ake aikin, a saya a gaban masaƙa. Akwai kuma shaguna na waɗanda nakiyoyin yaƙi suka naƙasa, masu ci da gumin hannunsu.

Ana ciniki a kasuwa, da kuɗinsu riel ko da dalar Amurka, amma cikin fara'a, ba da ɗaga murya ba. A shagon masu sana'a kuwa farashi ɗaya ne. Kada mu matsa wa matar da ta yi wata guda a kan zane saboda ragin da ba zai sayi kwanon shinkafa ba.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa sam, watau kayan tarihi. Dokar ƙasar ta hana fita da su. A shekarun yaƙi ɓarayi sun sassare kawunan siffofin dutse sun sayar a waje, har yanzu ana ta ƙoƙarin komo da su. A 2023 babban gidan kayan tarihi na Metropolitan a New York ya yarda ya mayar da guda 14. In wani ya kawo muku guntun dutse a ɓoye ya ce na Angkor ne, ko dai jabu ne ko na sata.

Saboda haka, in Allah ya kai ɗayanku can, kafin ya tambayi kuɗin kaya, bari ya fara tambaya, "Wa ya yi wannan, a wane gari?" Krama ɗaya da aka saya a hannun mai saƙa ya fi jaka cike da kayan inji, gama kuɗinsa ne zai sa 'yarta ta ga dalilin zama ta koyi sana'ar.