Tsohuwar Zinariyar Da Ke Binne Ba Ta Narkarwa Ba Ce

A kasuwar Tudun Wadan Zariya sikeli ne ke yanke darajar sarƙar zinariya: giram nawa ce, kuma nawa giram yake a yau. Wannan lissafi daidai ne ga kayan lefe, amma ɓarna ce babba idan aka yi shi a kan adon wuyan da ya shekara ɗaruruwa a binne, domin irin wannan shaida ce, kuma wutar maƙera kashe shaida take yi.

Kusheyin Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani a Jihar Katsina sun isa hujja. Baturen mulki Palmer ya fara tona su a 1907, sannan masana daga Jamus suka sake tonawa a 1992. An samu 'yan kunne da zobe da abin wuya na zinariya, tare da mundaye, da wuri, da tsakiyar gilashi, da tasa mai ƙira irin ta ƙasashen Larabawa, na wajen ƙarni na 13 zuwa na 16. Samun su wuri guda, kowanne a inda aka ajiye shi, shi ya tabbatar cewa manyan ƙasar Hausa suna cinikayya da duniya mai nisa tun wancan zamani. Haka faifan ƙirji na zinariya da aka tono a Rao ta Senegal a 1941 yake: nauyinsa giram 191 ne kawai, amma yana Dakar har yau yana ba da labarin sarauta da gwanintar maƙeran da. A Ailan kuwa, adon wuya masu siffar jinjirin wata sun kai shekara 4,000, kuma da dama manoma ne suka ci karo da su.

Wani zai ce tsintuwa rabo ce, fiƙihu ma ya san rikazi, wato tsohuwar dukiyar da aka samu a binne. Gaskiya ne, sai dai maganar rikazi magana ce ta wanda ke da haƙƙi, ba ta tilasta narkarwa ba, kuma dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana sayar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Wani kuma zai ce ai Turawa ne ke kwashewa. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa rajista da tsaro da horar da masananmu. Abin da aka kai waje ana iya neman a dawo da shi. Wanda aka narkar ya tafi har abada. Inda ƙorafin talaka ke da ƙarfi shi ne tukuici, kuma ya wajaba hukuma ta saka wa mai gaskiya da abin da zai hana shi zuwa wurin dillali.

Ƙasar Zazzau tana da Kufena da Turunku, ga Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na binciken kufai a Samaru. Manomi ko mai haƙar ƙasa da ya ga tsohon ado, ya bar shi yadda yake, ya sanar da mai unguwa, a kira masana.